Kalandar ƙwallon Amurka: ranakun haihuwa, ranakun nasara, da ranakun da jini ya sauya doka

Ranar 17 ga Satumba, 1920, wasu masu ƙungiyoyin ƙwallon Amurka suka haɗu a shagon sayar da motoci na wani mutum mai suna Ralph Hay, a garin Canton da ke jihar Ohio. Kujerun shagon ba su ishe su ba, har wasu suka ɗosana a jikin motocin da aka jera don sayarwa. A wannan zama aka kafa gasar ƙwararrun da bayan shekara biyu aka raɗa wa suna NFL, wadda a yau babu wata gasar wasanni a duniya da ta kai ta tara kuɗi. Jim Thorpe suka naɗa shugaba, saboda a lokacin babu ɗan wasan da sunansa ya kai nasa amo a Amurka. Shekara 75 cif bayan wannan zama, ranar 17 ga Satumba, 1995, aka haifi Patrick Mahomes a garin Tyler na jihar Texas, yaron da ya girma ya ɗaga kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar NFL, sau uku tun bai cika shekara 30 ba.

Irin wannan dacewa ce ta sa Amurkawa suke son kalandar tarihin wasan nan nasu. Kowace rana ta Allah akwai abin da za a tuna: yau ce ranar da wane ya kafa tarihi, yau aka haifi wane, rana irin ta yau ƙungiya kaza ta ci kofi. Na daɗe ina bin irin waɗannan bayanai, da farko don nishaɗi kawai. Sai da tafiya ta yi nisa na lura cewa ranakun kashi biyu ne. Akwai waɗanda ake yi wa kiɗa da shewa, akwai kuma waɗanda ake ambata a taƙaice a wuce. Kuma na biyun nan su ne suka gina wasan. Kusan duk wata babbar doka da ake bi a filin a yau, in ka bi sawunta, za ka tarar da gawa ko karyayyen wuya a bayanta.

Amma bari mu fara da wasan kansa, domin da yawanmu in an ce ƙwallo, ta ƙafa muka sani. Daren farko da na sa wani abokina ya zauna muka kalli Super Bowl, wanda ake take shi wajen ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare agogon Najeriya da Nijar, bai yi minti goma ba ya ce, “Malam, wannan ai kokawa ce aka ba su ƙwallo su riƙe.” Bai yi ƙarya ba, sai dai kokawar tana da lissafi. Fili ne mai tsawon yadi 100, yadin nan dai da ake auna shadda, da ƙarin yadi 10 a kowane ƙarshe, wanda shi ne gidan ci. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare. Masu ƙwallo suna da yunƙuri huɗu su ciyar da ita gaba yadi 10, ko dai wani ya rungume ta ya ruga, ko madugunsu, wanda suke kira kwatabak, ya jefa ta ga wani a gaba. In sun ci yadi goman, a sake ba su huɗu. In sun kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya shigar da ita gidan ci ya samu maki shida, wanda ya buga ta ta bi tsakanin sanduna biyu da ke kafe a ƙarshen fili ya samu uku. Duk yunƙuri ɗaya daƙiƙa kaɗan ne, sai a tsaya, a haɗa kai, a sake shiri. Shi ya sa za a shafe sa'a uku ana wasa, alhali lokacin da ƙwallo ke motsi bai wuce minti goma sha 'yan kai ba. Wanda ya gane abin da ake ƙullawa a cikin tsayawar nan, ya gane wasan. Dara ce ake yi da jikin mutane.

Kalandar tana da damina da rani. Daga Satumba zuwa farkon Fabrairu ranaku cike suke maƙil, daga nan sai ta yi sauƙi, in ban da watan Afrilu da ƙungiyoyi ke zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i. Hatta ranakun mako a rabe suke: daren Juma'a na makarantun sakandare, Asabar ta jami'o'i, Lahadi ta ƙwararru. Wannan rabo ba al'ada kaɗai ba ce. Wata dokar yaɗa wasanni da majalisar Amurka ta yi a 1961, aka faɗaɗa ta a 1966, ita ce ta toshe wa NFL hanyar nuna wasanninta a talabijin a daren Juma'a da ranar Asabar tun daga tsakiyar Satumba har tsakiyar Disamba, don kada ta janye 'yan kallo daga filayen makarantu. Ƙungiyoyi 32 ne, kowacce wasa 17 kacal take yi kafin zagayen sili-ɗaya-ƙwale. Wanda ya saba da wasa 38 na Firimiya zai ga abin ya yi kaɗan, amma jikin ɗan'adam ba zai ɗauki fiye da haka da yawa ba. Ƙarancin ne ma ya sa kowace rana take zama abin tunawa.

Ranar da kowa ya yarda ita ce mafari, 6 ga Nuwamba, 1869 ce, lokacin da ɗaliban jami'ar Rutgers suka doke na Princeton da ci 6 da 4. Da za a mayar da mu wurin, da mun ce ƙwallon ƙafa ce ta gargajiya: mutum 25 a kowane ɓangare, ƙwallo mai zagaye, ba a ɗauka a ruga da ita. Sai a Mayun 1874, da Harvard ta kara da jami'ar McGill ta Kanada, ɗaliban Amurka suka ɗanɗani zari-ruga, suka ji ta fi musu. Wanda ya raba wasan da zari-ruga kuwa shi ne Walter Camp na jami'ar Yale, haifaffen 7 ga Afrilu, 1859. A 1880 ya kawo tsarin jeruwa a layi gaba da gaba, ɓangare ɗaya riƙe da ƙwallo, aka kuma rage 'yan wasa zuwa goma sha ɗaya. A 1882 ya kawo ƙidayar yunƙuri, a lokacin uku ne don cin yadi biyar.

To a nan matsala ta kunno kai. In yadi biyar kawai ake nema, kuma ba a yarda a jefa ƙwallo gaba ba, hanya mafi sauƙi ita ce a tara ƙarti a dunƙule a afka wa mutum ɗaya. A 1892 Harvard ta fito da wani salo: 'yan wasa su yi sahu mai tsini kamar bakin mashi, su taho a guje, mai ƙwallo na ɓoye a tsakiya, su bi ta kan duk wanda ya tare hanya. An haramta shi bayan shekara biyu, amma 'yan'uwansa suka ci gaba. Babu hular kwano, babu kariyar kirki. A kakar 1905 kaɗai jaridu sun ƙirga aƙalla mutum 18 da suka mutu, yawancinsu samari 'yan makaranta. Ranar 9 ga Oktoban shekarar shugaban ƙasa Theodore Roosevelt, wanda ɗansa ke wasan a Harvard, ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton fadar White House ya ce su gyara. Ba a gyara nan take ba. Ranar 25 ga Nuwamba wani ɗalibin kwalejin Union mai suna Harold Moore ya samu bugu a kai a wasansu da jami'ar New York, ya rasu. Shugaban jami'ar New York ɗin ne ya kira taron makarantu, sama da 60 suka hallara a Disamba, daga nan aka haifi hukumar da a 1910 ta zama NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka har gobe.

Dokokin 1906 su ne suka ba wasan fuskar da yake da ita. Aka mayar da yadi biyar goma, don tura da ƙarfi kaɗai ya daina isa. Aka sa tazara tsakanin sahu biyu. Aka kuma halatta jefa ƙwallo gaba, don a warwatsa cunkoson. Kalanda takan ce ranar 5 ga Satumba, 1906, Bradbury Robinson na jami'ar Saint Louis ya yi jifa ta farko da doka ta amince da ita, kuma ranar 1 ga Nuwamba, 1913, wata makaranta da ba a san ta sosai ba a lokacin, Notre Dame, ta lallasa makarantar sojojin Amurka 35 da 13 da jifa, Gus Dorais na jefawa, Knute Rockne na cafewa. Ana ba da waɗannan labarai kamar labarin basira, kuma basirar ce. Amma abin da ya fi kowane abu kyau a wasan nan, wato ƙwallo ta tashi sama tana murɗawa yadi hamsin ta sauka a hannun mutumin da ke gudu bai ko waiwaya ba, ba don ƙawa aka ƙirƙire shi ba. An kawo shi ne don a rage jana'iza. Kuma bai wadatar ba: mace-mace suka sake yawaita a 1909, aka ƙara dokoki a 1910, sannan a 1912 aka kai yunƙuri huɗu da maki shida da muka sani.

Ranakun kuɗi da ɗaukaka ba sa buƙatar dogon bayani, don su ake ta maimaitawa. Ranar 12 ga Nuwamba, 1892, aka biya Pudge Heffelfinger dala 500 ya buga wasa ɗaya a Pittsburgh, ya zama ɗan wasa na farko da aka tabbatar an biya. Ranar 28 ga Disamba, 1958, Baltimore Colts ta ci New York Giants 23 da 17 a ƙarin lokaci, miliyoyi na kallo a talabijin, daga ranar NFL ta gane inda arzikinta yake. Ranar 15 ga Janairu, 1967, aka yi Super Bowl na farko, Green Bay Packers ta ci Kansas City Chiefs 35 da 10 a Los Angeles, filin ma bai cika ba. Na Fabrairun 2025 kuwa, sama da mutum miliyan 127 suka kalla a Amurka kaɗai.

Jerin ranakun haihuwa shi ne ya fi jan hankalina, saboda giɓin da ke cikinsa. Za ka ga Fritz Pollard, haifaffen 27 ga Janairu, 1894, baƙar fata da ya ci kofin gasar na farko da Akron Pros a 1920, ya kuma zama kocinta a 1921. Daga nan sai ka nemi baƙaƙen da suka buga tsakanin 1934 da 1945 ka rasa ko ɗaya. Ba a rubuta dokar hana su ba, masu ƙungiyoyi ne suka haɗa baki suka rufe ƙofa. Kenny Washington, wanda aka haifa a 1918, ya yi tashe a jami'ar UCLA tare da Jackie Robinson, wanda daga baya ya shahara a wasan baseball, amma sai ranar 21 ga Maris, 1946, ya samu sa hannu da Los Angeles Rams, shi ma don filin da Rams ke son amfani da shi na gwamnati ne, aka matsa musu lamba. Kafin lokacin gwiwoyinsa sun riga sun lalace, kaka uku kawai ya yi. Ƙungiyar birnin Washington ma ba ta ɗauki baƙar fata ba sai 1962, bayan gwamnatin tarayya ta yi barazanar hana ta sabon filin wasa.

Da ƙofa ta buɗu, sai aka bar ɗaki ɗaya a kulle. Shekaru da dama ana ganin baƙar fata zai iya gudu, zai iya karo, amma ba zai iya zama madugu ba, don wai wurin na mai kaifin tunani ne. Warren Moon ya gama jami'a a 1978 babu ƙungiyar NFL da ta zaɓe shi, ya tsallaka Kanada, inda ake buga irin nasu da mutum goma sha biyu da yunƙuri uku, ya ci kofin Grey, babban kofin gasar ƙasar, sau biyar a jere da Edmonton kafin Amurka ta waiwaye shi. Ranar 31 ga Janairu, 1988, Doug Williams ya zama madugu baƙar fata na farko da ya ci Super Bowl, ya jefa ƙwallon ci huɗu a zango ɗaya daga cikin zanguna huɗu na wasan, aka tashi 42 da 10. Sai ranar 12 ga Fabrairu, 2023, aka ga madugai baƙaƙe biyu, Mahomes da Jalen Hurts, sun fuskanci juna a wasan ƙarshe. Kalanda za ta kawo maka ranar haihuwar waɗanda suka shiga. Waɗanda aka tare a bakin ƙofa ba su da shafi, don ba su buga wasan da za a ƙirga musu ba.

Yanzu ga batun hular kwano, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan wannan labari. Da farko hular fata ce mai laushi, ba dole ba ce ma. Jami'o'i sun wajabta ta a 1939, NFL a 1943. Sannan ta roba mai tauri ta zo, aka ƙara mata shingen ƙarfe a fuska. Fashewar ƙoƙon kai ta ragu ƙwarai, haƙora da hanci suka tsira. Amma mutumin da ya san kansa a rufe yake, sai ya mayar da kan makami. Masu horarwa suka riƙa koyar da yara su sa goshi gaba su tunkuyi ƙirjin abokin karawa kamar rago. Wuya ya riƙa karyewa, har makarantu da jami'o'i suka haramta fara karo da kai a 1976. Ranar 12 ga Agusta, 1978, a wasan share fage da ba a ko ƙirga makinsa, Jack Tatum na Oakland Raiders ya yi karo da Darryl Stingley na New England Patriots. Stingley bai ƙara taka ƙafarsa ba, a keken guragu ya rayu har ya rasu a 2007. Alƙalin wasa bai hukunta kowa ba, don dokar lokacin ba ta ga laifi ba. An gudu ba a tsira ba ke nan. Hula tana kare ƙashi, amma ƙwaƙwalwa tana iyo ne a cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. Duk lokacin da mutum ya tsaya cak daga gudu, sai ta bugi bango daga ciki, kuma babu hular da za ta hana wannan.

A nan ne 'yan Najeriya biyu suka shigo labarin, ta ƙofofi daban-daban, kuma mutum ɗaya ya haɗa su. Christian Okoye haifaffen Enugu ne, ranar 16 ga Agusta, 1961. Jifar faifai ce ta kai shi jami'ar Azusa Pacific a California. Da aka fitar da jerin masu wakiltar Najeriya a gasar Olamfik ta 1984 babu sunansa, sai ya juya ga wasan da bai taɓa bugawa ba, yana ɗan shekara 23. Kansas City Chiefs ta ɗauke shi a 1987, kuma a 1989 babu wanda ya kai shi cin yadi da gudu a duk gasar: yadi 1,480 a ɗauka 370. Ka tsaya ka yi lissafin: sau 370 a cikin wata huɗu ya rungumi ƙwallo ya afka cikin ƙarti. Kaka shida ya yi, gwiwa ta ce ta gaji. A wannan shekara ta 1989, mutumin da ke tsakiyar sahun gaba yana buɗe masa hanya shi ne Mike Webster, haifaffen 18 ga Maris, 1952, wanda ya riga ya ci Super Bowl huɗu da Pittsburgh Steelers. Aikin ɗan tsakiyar sahu shi ne ya miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa, ya ɗago kai ya yi karo da wanda ke gabansa, sau sittin ko saba'in a wasa ɗaya, ban da atisaye. Webster ya yi haka kaka 17.

Bayan ya yi ritaya sai rayuwarsa ta wargaje. Mantuwa, ruɗewa, rashin barci, fushi ba dalili. Akwai lokutan da a cikin motarsa yake kwana. Ya rasu ranar 24 ga Satumba, 2002, yana da shekara 50. Likitan da aka kawo wa gawar a ofishin binciken gawarwaki na Pittsburgh shi ne Bennet Omalu, haifaffen Nnokwa a jihar Anambra, wanda ya yi karatun likita a Jami'ar Najeriya ta Nsukka. Omalu bai taso da wasan ba, bai ɗauki Webster gwarzon da ba a taɓawa ba. A ido ƙwaƙwalwar lafiya lau take. Ya ƙi yarda, ya sa aka yanka ta sala-sala aka rina, ya duba a madubin likita, sai ga wani sinadari da ake kira tau ya taru ya cukurkuɗe a wurare da dama, irin abin da tun 1928 likitoci suka fara bayyana alamominsa a jikin 'yan dambe. A 2005 ya wallafa bincikensa a mujallar Neurosurgery, ya kira cutar da sunan da ake taƙaitawa CTE, wato lalacewar ƙwaƙwalwa sannu a hankali saboda bugu a kai a kai. Likitocin kwamitin NFL suka rubuta suna neman a janye takardar. Ba a janye ba.

Sai da aka shafe shekara goma ana ja-in-ja. Dubban tsofaffin 'yan wasa suka shigar da ƙara, a Agustan 2013 aka cimma sulhu kan dala miliyan 765, daga baya kotu ta sa aka cire iyakar kuɗin. Ranar 14 ga Maris, 2016, wani babban jami'in NFL ya amsa a gaban 'yan majalisa cewa akwai alaƙa tsakanin wasan da cutar. A 2017 masu bincike na jami'ar Boston suka bayyana cewa a cikin ƙwaƙwalen tsofaffin 'yan NFL 111 da suka duba, 110 na ɗauke da ita. Adalci ya sa a faɗi cewa iyalan da suka ga alamu ne suka fi bayar da ƙwaƙwalwar mamatansu, don haka wannan adadi ba ya nufin kusan kowane ɗan wasa zai kamu. Amma ko da an rage shi an sake ragewa, abin da ya saura ya isa ya hana uwa barci. Wani abu kuma da ya sosa mini rai: wajen biyan diyyar, an riƙa auna baƙaƙe da ma'auni daban, a kan zaton cewa tun asali kaifin ƙwaƙwalwarsu bai kai na farare ba, don haka sai sun nuna lalacewa mai yawa kafin a biya su. Sai da wasu tsofaffin 'yan wasa biyu, Kevin Henry da Najeh Davenport, suka kai ƙara, sannan a 2021 NFL ta ce ta daina. Tunanin da ya hana Warren Moon zama madugu a 1978 shi ne ya ɓuya a cikin takardun asibiti shekara arba'in bayan haka.

Ba zan ce babu abin da ya sauya ba, don ranaku biyu sun ƙaryata wannan. Ranar 24 ga Oktoba, 1971, Chuck Hughes na Detroit Lions, ɗan shekara 28, ya yanke jiki ya faɗi a fili ana saura kimanin minti ɗaya a tashi wasansu da Chicago Bears. Zuciyarsa ce ta tsaya. Aka ɗauke shi, aka ƙarasa wasan. Ranar 2 ga Janairu, 2023, Damar Hamlin na Buffalo Bills, ɗan shekara 24, ya tare wani ɗan wasan Cincinnati, ya miƙe tsaye, sai ya faɗi ta baya. Na ga hoton yadda manyan ƙarti suka zagaye shi sun durƙusa, wasu na kuka, suna kare shi daga kyamara yayin da ma'aikatan lafiya ke danna ƙirjinsa. An dawo da bugun zuciyarsa a nan cikin fili, aka dakatar da wasan, daga baya aka soke shi gaba ɗaya, kuma Hamlin ya warke ya koma wasa. A yau akwai likitan ƙwaƙwalwa mai zaman kansa a gefen fili, akwai mai sa ido daga sama da ke da ikon tsayar da wasa. A 2024 aka sake fasalin bugun farko, wanda ya fi kowane yunƙuri haɗari saboda mutane na tahowa a guje daga nesa su gwabza: yanzu ana jera su kusa da juna, ba mai motsi sai ƙwallo ta sauka. Hanyar 1906 ce dai aka sake bi, gyara bayan ɓarna.

Sai dai abin da ya kashe ƙwaƙwalwar Webster ba bugu ɗaya mai ban tsoro ba ne da za a haramta. Ƙananan karo ne dubbai, waɗanda ko sau ɗaya ba a tsayar da wasa dominsu, kuma su ne wasan kansa. Wannan ya sa nake kallon shirin NFL na neman matasa a Afirka da zuciya biyu. A Yunin 2022 ta yi sansaninta na farko a Accra, Osi Umenyiora, wanda ya ci Super Bowl biyu da New York Giants, na kan gaba wajen zaƙulo yara. Ezekiel Ansah ɗan Accra ya riga ya nuna hanya, shi ne na biyar da aka zaɓa a 2013. Ina murna da duk yaron da wannan ƙofa ta buɗe wa, don tana iya fitar da gida guda daga talauci. Amma matsakaicin zaman ɗan wasa a NFL bai fi shekara uku da ɗoriya ba, kuma yaron da za a nuna wa yadi 1,480 na Okoye ya cancanci a gaya masa sunan wanda ya buɗe wa Okoye hanya da yadda ya ƙare. Akwai kuma nau'in wasan da ba a karo, inda ake fizge ƙyalle daga ƙugun mai ƙwallo a maimakon kayar da shi, wanda zai shiga gasar Olamfik a karon farko a Los Angeles a 2028, maza da mata.

Ranar 17 ga Fabrairu kowace kalanda za ta gaya maka an haifi Jim Brown a 1936, wanda da yawa ke ganin ba a taɓa yin mai gudu da ƙwallo kamarsa ba. Kaka tara ya yi da Cleveland Browns bai taɓa fashin wasa ba, ya ci yadi 12,312, ya ajiye yana ɗan shekara 30 da ƙarfinsa, ya rayu har shekara 87. A ranar da Brown ya cika 75, wato 17 ga Fabrairu, 2011, Dave Duerson, wanda ya ci Super Bowl da Chicago Bears da kuma New York Giants, ya kashe kansa yana da shekara 50. Har yau ba a iya tabbatar da CTE a jikin mai rai, sai an buɗe ƙwaƙwalwa bayan mutuwa, kuma Duerson ya san haka. Saƙon da ya bar wa iyalinsa shi ne a kai ƙwaƙwalwarsa wurin masu bincike. Aka kai ta Boston, bayan wata biyu da 'yan kwanaki sakamako ya fito: yana ɗauke da cutar.